Ɗakin Jiran Kaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakata, mahaifiyar babana, ta rasu a gidanta na Malali wata Talata da hantsi, tana zaune a kan darduma, shayinta a gefe ko hucewa bai yi ba. Kafin la'asar mun kai ta makwancinta. Ni ba marubuci ba ne. Abin da kunnuwana suka jiyo a zaman makoki shi ya sa na ɗauki alƙalami, don na ga in na yi shiru, labarinta zai tafi a bakin waɗanda ba su san ta ba.

Masu gaisuwa kashi-kashi suka zo. Akwai matan unguwa da dangi da suka cika tsakar gida suna ta yabon haƙurinta, alhali duk wanda ya zauna da Kaka ya san haƙuri ba shi ne babban jarinta ba. Ina wucewa da ledar ruwa na ji wata dattijuwa ta rage murya tana cewa, "Allah sarki, Hajiya ta huta. Ni tun da ta fara tara tarkacen nan a gareji na san tsufa ya taɓa kan." Ta kusa da ita ta ce, "Wallahi kuwa. Mace da 'ya'yanta manya a gwamnati, a ce tana bin bola." Na ji kamar in dire ledar a kansu, sai na tuna gidan rasuwa ne.

Akwai kuma tsofaffin 'yan fansho, maza da mata, wasu tun daga Rigasa. Kowannensu in ya shafa fatiha sai ya waiga wajen garejin ya tambaya ko za a buɗe. Sai wasu samari da 'yammata, ɗaliban zane-zane daga Zariya, waɗanda taubashiyata, 'yar gwaggona, ta zo da su. Suka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa, ba su san inda za su sa kansu ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini ƙasar nan ta yi rashin babbar mai fasaha. Baffa, wan babana kuma ɗan farin marigayiya, yana kusa ya ji. Ya tashi ya ɗauko kwaɗo ya garƙame garejin, ya ce da an yi sadakar bakwai zai kira 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, su kwashe komai.

"Ba za a mayar mini da uwa abin kallo ba," in ji shi. "An yi tana raye, ba za a yi bayan ranta ba."

Maganarsa ce ta zauna, don shi ne babba. Ni kuwa hankalina ya tashi. Na san in kayan nan suka tafi, maganar dattijuwar nan ce za ta zauna, a ce Kaka ta ruɗe ne a ƙarshen rayuwarta.

Kaka ta yi aiki a tsohon ofishin waya tun kafin a haifi babana, zamanin da in kana son magana da wani a Legas sai ka ɗaga tarho ka roƙi mace irinta ta haɗa ka. Zama take yi gaban wani allo mai ramuka, igiyoyi a hannu, ta zare wannan ta soka wancan. Takan ce, "Ni na san muryar manyan ƙasar nan lokacin da suke cewa don Allah." A kan idonta aka kawo na'urar da ta karɓe mata aiki, a kan idonta na'urar ta mutu, wayar hannu ta zo ta binne su duka. Daga nan ta samo maganarta da duk gidan muka haddace, wai kowace na'ura da bikin suna ake kawo ta, amma ba mai zuwa jana'izarta.

Ni mijinta ne, kamar yadda kowane jika namiji yake mijin kakarsa, sai dai ni ta fi ɗora wa laifi. Maigida take kirana. In na shigo sai ta dubi hannuna kafin ta dubi fuskata.

"Yau ma hannu na dukan cinya? Ni dai gobe zan je wajen alƙali a raba auren nan."

"Ki je mana," nakan ce. "Wa zai kwashi tsohuwa ba haƙora in ba ni ba?"

"Ja'iri. Zauna ka ci tuwon matar da ba ka yi wa cefane ba."

Don haka ni ta zaɓa in raka ta lokacin da aka kira 'yan fansho tantancewa. Muka karɓi lamba, muka zauna a benci tare da tsofaffi cike da ɗaki, kowa ya zuba ido a wata taga. Da layi ya zo kanta, wani saurayi mai ladabi ya ɗora babban yatsanta a kan na'ura. Na'urar ta nuna ja. Ya goge ya sake, ta sake yin ja.

"Hajiya, na'ura ba ta gane ki ba."

"Kai fa, ka gane ni?"

"Ni ga ki ina gani, Hajiya. Amma na'ura ce ke faɗa. Ina jin lallen nan ne. Ki je in ya goge ki dawo."

Kaka, wadda tun aurenta ba a taɓa ganin hannunta ba lalle ba, ta haƙura da ƙunshi har tafinta ya yi fari, tana ɓoye shi cikin mayafi kamar mai ciwo. Muka koma, aka ce babu sabis. Muka sake komawa, aka ce zanen yatsanta ne ya suɗe. Ta dubi saurayin ta ce, "Ka ce mata ta tambayi uwarta, ni na yi renonta." Duk ɗakin aka fashe da dariya, har shi.

Daga baya dai an tantance ta. Amma abin da ya tsaya mata a rai ya faru ne a ɗaya daga cikin zuwan nan. Janareta ya mutu, aka ja labulen taga, muka ci gaba da zama. Sai can wani mai shara ya shigo ya ce ai ma'aikata sun daɗe da fita ta baya. A mota, da muka kusa gida, Kaka ta ce, "Maigida, ka lura? Ba ɗan sanda, ba bulala, ba wanda ya tsare mu. Benci ne kawai da lamba."

Garejin gidan ba kowa a ciki tun da aka sayar da motar marigayi kakanmu. Nan ta fara. Ta bi tsofaffin abokan aikinta gida-gida tana karɓar kawunan tarho da suka mutu, ta sa aka rataye su daga rufi da igiyoyinsu, daidai kan mutum, yadda in ka shigo sai ɗaya ya ƙwale ka a goshi. In ka kara a kunne, shiru. Ta jera matattun mitocin wuta a bango. Ta ja ni Panteka, kasuwar tsofaffin kaya, muka yini muna tono har ta samo wani allon lambobi da ya maƙale a kan tara, da wata na'urar dangwala yatsa mai yi wa kowa ja. Ta sa musu ɗan sola don kada ɗaukewar wuta ta ba su uzuri. Kafinta ya yi mata bencuna, ya raba garejin da katako, ya yanka taga aka sa labule. Kusa da tagar aka yi ƙofa, ta rubuta a jiki da fenti, BA A SHIGA. Ƙofar ba ta da makulli, ba ta da sakata, ko iska mai ƙarfi tana iya buɗe ta. Bayanta kuwa fili ne ta bayan gidan, da bishiyar gwaiba, da tabarma, da kunun gyaɗa a fulas.

Ɗakin Jira ta sa masa suna. In baƙo ya zo, sai ya cire lamba daga ƙusa, kuma duk lambobin sun haura ɗari. Ya zauna. Ita tana bayan labule. Jefi-jefi sai ta ɗaga shi ta leƙo, fuskar nan a murtuke, ta ce, "Ana aiki a kai," ta saki. Tana nan tana sauraron wanda zai gaji ya tura ƙofa. Wanda ya tura, shi ke shan kunu, ya zauna a inuwa ya ba ta labarin inda aka taɓa wahalar da shi. Yara nan da nan suke turawa. Mu manya kuwa sai a hankali. Ni da na riƙe wa kafinta ƙofar da hannuna lokacin da yake kafa ta, ranar farko da na zauna sai da na ji nauyin tashi, kamar wani zai daka mini tsawa. Da na faɗa mata ta yi dariya har tana tari, ta ce ashe mijin nata ma ragon maza ne.

Sau ɗaya na ga ta karya dokarta. Wata tsohuwa daga Rigasa, wadda mijinta masinja ne ya rasu, ta ji ana cewa akwai wani ofishi a Malali da ba a korar mutane. Ta zo da takardun mijinta a ƙulle cikin ɗankwali, ta cire lamba, ta zauna. Da Kaka ta leƙo ta ga matar tana share hawaye da gefen mayafi, sai ta fito ta ƙofar da kanta, ta kamo hannunta ta kai ta inuwa, tana ba ta haƙuri kamar ita ta kashe mijin. Washegari ta saka hijabinta ta raka ta ofishin gaske. Ta koya mata ta riƙa shafa yatsa a goshi kafin ta dangwala, don maiƙon fuska yana fito da zanen. Haka suka yi ta sintiri tare har aka gama. Daga ranar ta kafa doka, duk wanda ya zo da takarda a hannu a wuce da shi baya kai tsaye. Matar tana cikin waɗanda suka fi kowa kuka ranar rasuwa.

Taubashiyata ce ta fara gaya mata abin da take yi yana da suna a duniya. Ta ce fasaha ce ta zamani da ake gina wuri sukutum mutum ya shiga cikinsa, ba hoto ba ne da za a rataye, kuma a ƙasashen waje gidaje guda ake ware wa irinsa. Kaka ta saurare ta tsaf sannan ta ce, "Su ma can ana ce musu a dawo gobe?" Ta ji daɗi dai, ko da ba ta nuna ba, don ranar da ɗalibai suka fara zuwa sai da ta sa aka yi dambun nama. Da suka roƙe ta a ɗauki ɗakin a kai wani baje kolin fasaha a Abuja, ta ƙi. "A can tsayawa za su yi su kalla, hannu a baya," in ji ta. "Ni zama nake so a yi."

Sai maganar Baffa, wadda ita ce mai ciwon.

Baffa ɗan fari ne, Kaka kuwa mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Wancan take ce masa. Kowace Juma'a in an sauko masallaci sai ya taso daga gidansa na Unguwar Rimi da lemo da ayaba, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta da babbar rigarsa, ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon bango. In tana da magana da shi, sai ta bi ta kan wanda ke kusa, ko da kuwa shi yana durƙushe a gabanta. Mu 'yan yanzu abin dariya yake ba mu. Shi bai taɓa yin dariyar ba.

A lokacin darakta ne a wata ma'aikata, kuma maganar garejin ta kai ofishinsu. Abokan aiki suka fara zolayarsa, wai Hajiya ta buɗe reshen ma'aikatarsu a gida. Ya ɗauka da shi take, shi da irin aikinsa. Duk da haka bai yi fushi ba tukuna. Ya leƙa daga bakin gareji wata rana, ya ga allo a maƙale, na'ura tana ja, ƙofa ba makulli, sai tausayi ya kama shi. A ganinsa tsohuwa tana son abu ne ta rasa mai gyara mata. Da ta tafi Zariya bikin suna, ya turo mai gyaran lantarki da kafinta. Kafin ta dawo, allo yana ƙirga lamba ɗaya bayan ɗaya, na'ura tana yi wa kowa kore, ƙofa ta sami makulli mai kyau ɗan waje.

Ina wurin ranar da ya durƙusa ya miƙa mata mabuɗin da hannu biyu, fuskarsa cike da murna kamar yaron da ya ci jarrabawa. Ta tashi ta je ta duba. Ta dawo ta zauna.

"Maigida," ta ce, "tambayi wancan, wa ya aike shi?"

"Inna, gyara na yi miki," in ji Baffa. "Don Allah na yi."

"Gaya masa ya kashe mini ɗaki. Gaya masa in abin nan ya gyaru, to ya lalace."

"Inna, ki yi mini bayani mana. Ni ban gane ba."

Ba ta yi ba. Ba za ta iya ba. Bayanin yana buƙatar ta dube shi ido da ido ta yi doguwar magana, ko ta ce masa zo ka zauna ka gani, kuma wannan bakin bai saba ba. Ta juya fuska bango. Ya ajiye mabuɗin a kan darduma ya fita. Bai fasa zuwan Juma'a ba, da lemonsa da ayabarsa, amma bai sake ko kallon inda garejin yake ba.

Sai da aka sha fama kafin kayan su koma lalacewarsu ta da. Mai gyaran ya ce tun da yake ba a taɓa kiransa ya ɓata abu ba, kuma ashe ɓatawar ma sai gwani. Muna cikin wannan aikin ne Kaka ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, "Duk cikin 'ya'yana wancan ne kaɗai in ya ga abu ya lalace ba ya iya barci. Ni ya gado." Na ɗauki maganar da zafinta na kai masa. Ya ce in daina ƙaga magana don in gyara tsakani, ya san uwarsa. Haka suka zauna har Allah ya yi ikonsa, kowa yana son kowa, ba mai iya faɗa.

A kwanakin makoki na roƙe shi, taubashiyata ta yi kuka, Gwaggo ta sa baki. Ya ce ya gama magana. Na fahimce shi, wallahi. Kunnensa ma ya jiyo abin da nawa ya jiyo, kuma a ganinsa mutuncin uwarsa yake karewa.

Washegarin sadakar bakwai da safe 'yan gwangwan suka iso, su biyu, wani dattijo da ƙaninsa, da kurarsu da sikeli. Baffa ya ce su jira a waje ya fara dubawa. Ya buɗe kwaɗon ya shiga, ina biye da shi. Shigarsa ke nan ta farko. Bai yi taku uku ba wani kan tarho ya ƙwale shi a goshi, hularsa ta karkace. Allo na nan a kan tara, na'ura tana ƙyafta jan idonta. Ya tsaya yana dube-dube. Gwiwa tana damunsa, ga gajiyar karɓar gaisuwa, sai ya zauna a benci ya dafa sandarsa, yana kallon tagar.

Da mutanen suka ji shiru, sai suka yi sallama suka shigo. Dattijon ya dubi allo, ya dubi taga da labule, ya dubi babban mutum da babbar riga zaune a benci. Ba wanda ya ce masa komai. Ya cire takalmansa, ya miƙa hannu ya zari lamba daga ƙusa, ya zaro wa ƙaninsa, suka raɓa can ƙarshen bencin suka zauna a takure, kowa da lambarsa a hannu. Ni na ƙame a jikin bango. Ga su nan su uku a zaune suna fuskantar taga.

Can dattijon ya ɗan matso, ya yi ƙasa da murya. "Ranka ya daɗe, an fara kira kuwa?"

Baffa ya juyo ya dube shi. Ya dubi lambar da ke hannunsa, ya dubi ƙofar da ba makulli. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ban taɓa ji daga gare shi ba, har sandar ta faɗi. Ya yi ta yi yana buga cinya, mutanen suna kallonsa a tsorace. Ban san daidai inda dariyar ta juye ba, na dai ga ya ja hannun babbar riga ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa.

Da ya natsu ya ba su haƙuri, ya ce babu kayan sayarwa a gidan nan, ya sallame su da alheri. Suka mayar da lambobin kan ƙusa suka fita suna waige.

Muka rage mu biyu. Ya share fuska ya ce, "Kai, in an zauna haka, daga nan sai me?"

"Sai ta ɗaga labule ta leƙo, Baffa."

Ya daɗe yana kallon labulen. "Da na zo na zauna, ni ma za ta leƙo ni?"

Na ce masa abin da na yi imani da shi har zuciyata. "Da ta leƙo. A bayan labulen nan ai ma'aikaciya ce, ba ruwanta da kunya. Da ta kalle ka son ranta."

Ya gyaɗa kai. Ya sunkuya ya ɗauki sandarsa, na zaci tashi zai yi, sai ya kwantar da ita a kan benci, ya gyara zaman hularsa.

"Je ka," ya ce. "Bari in ɗan zauna."

Na fita na ja masa ƙofar gareji a hankali.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe mata kurakuranta, ya karɓe ta ba tare da ya jinkirta mata ba. Ya ba Baffa haƙurin da ya fi namu, don nasa rashin ya fi namu tsawo. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.